Hazo, Yayyafi ko Kwarara: Zaɓen Ruwan Sanyaya Baki a Ƙaramin Shagon Injin Ƙarfe a Legas

Duk wanda ya girke ƙaramin injin let (mai juya ƙarfe ana fere shi) ko injin milin (mai sassaƙa ƙarfe da baki mai juyawa) a gareji, ko a shagon da ke jikin ɗakin kwana, a Agege ne ko Idi-Araba ko Mile 12, wata rana gwangwanin mai da buroshi za su daina isarsa. Ɓarɓashin baƙin ƙarfe ya fara fitowa shuɗi, bakin yanka na HSS, wato na taurararren ƙarfe, yana dakushewa kafin a gama aiki ɗaya, alminiyom yana liƙewa a haƙoran baki har ya karya shi. Daga nan sai a shiga shawara: a sayo ɗan kan feshin nan mai araha mai maganaɗisu a gindi, ko a haɗa feshi mai tulu, ko kuwa a yi ta ta ƙare a sa tanki da famfo mai zuba ruwa a kan aiki, wato kwarara?

Ga shagon da injinsa ba shi da akwatin rufi, rufinsa na kwano ne, wutarsa ba ta da tabbas, mu mai tulun nan mai ƙaramin matsi muke zaɓa, wanda ke watsa ruwa kamar yayyafi ba kamar hazo ba. Abin da ya raba mana gardama ba kuɗin kan feshin ba ne. Iska ce ta raba: wadda kwamfiresa zai iya bayarwa, da wadda mai aiki zai shaƙa.

Abin da kowane tsari yake iyawa

Aiki uku ake nema a wurin yanka: santsi tsakanin baki da ƙarfe, kwashe zafi, da korar ɓarɓashi don kada baki ya sake tauna abin da ya riga ya yanke. Babu tsarin da ya cinye dukkan ukun.

A wajen kwashe zafi, kwarara ba ta da na biyu, kuma lissafi ya nuna dalili. Famfon da ke zuba lita 5 a minti, ko digiri ɗaya kacal ruwan ya ƙara zafi, ya ɗauke kusan wat 350. Feshi kuwa, idan ɗigo ɗaya yake saki a daƙiƙa, wato kimanin mililita 180 a awa, ko da duk ruwan ya zama tururi abin da zai kwashe bai wuce wat 110 da ɗoriya ba. To me ya sa feshi yake wadatar da ƙananan injina? Domin motar lantarkin irin waɗannan injinan ba ta cika wuce ƙarfin doki ɗaya ko ɗaya da rabi ba, ba a kuma cika matse ta har ƙarshe ba, kuma mafi yawan zafin yankan yana tafiya ne a cikin ɓarɓashi. Idan aka rage goga, aka ture ɓarɓashin da sauri, ɗan sanyin da ya rage ya isa.

Feshin kansa kala uku ne, ko da yake a kasuwa suna ɗaya ake kiran su.

Na farko mai zuƙa. Iska mai gudu tana wucewa ta bakin siririn bututu, ta zuƙo ruwa daga jarkar da ke ƙasa, ta farfasa shi, kamar yadda famfon filit na maganin sauro yake yi. Irin su Noga da Kool Mist a wannan layin suke, haka ma tarin na Sin marasa suna da ake samu da tiyo mai gaɓa-gaɓa. Saukinsa shi ne ba ya buƙatar komai sai iska da jarka. Aibinsa kuma daga yadda yake aiki ya fito: ba zai ja ruwa ba sai iska ta yi ƙarfi, galibi bar 3 zuwa 6 (bar ma'aunin matsin iska ne), kuma wannan ƙarfin ne yake niƙe ruwan ya zama hazo mai yawo a ɗaki. In ka rage iska don hazo ya ragu, ruwa ya tsaya. Ga shi kuma yawan ruwan yana canzawa yayin da jarka take raguwa, don nisan da ake jan sa yana ƙaruwa.

Na biyu mai tulu. Ana sa ruwan a rufaffen tulu, a ɗan matsa shi da iska, sai ya taho da kansa ta siririn tiyo har bakin feshi, inda wata iskar daban take ɗaukar ɗigon ta jefa shi kan aiki. FogBuster shi ne sanannen suna a nan, yana aiki a matsin psi 10 zuwa 20, wato daga ƙasa da bar 1 zuwa kusan bar ɗaya da rabi. Tunda ba iska ce take jan ruwan ba, ana iya saita kowanne da kansa, kuma ɗigon yana fita da kauri, ya faɗi inda aka nuna shi.

Na uku shi ne wanda masana'antu ke kira MQL: tsantsar mai na musamman, galibi daga man tsirrai da aka sarrafa, ba ruwa a ciki, ana sakin mililita 5 zuwa 50 a awa. Yana da kyau ƙwarai ga alminiyom da zarto, ba ya kawo tsatsa, amma sanyinsa kaɗan ne, kuma man da ƙaramin famfonsa na asali duk daga waje suke zuwa. Kada a ce za a maye gurbinsa da man gyaɗa ko manja. Suna yanka lafiya a ranar, bayan 'yan makonni sai su daskare su zama danƙo a kan hanyoyin inji, inda sassansa ke zamewa, da cikin bawul.

Kwamfiresa da wuta

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne masu sayar da kan feshi ba sa cewa komai. Ƙofa mai faɗin milimita 1, a matsin bar 6, tana shan kimanin lita 65 na iska a minti. Idan faɗin ya ninka, shan yana ninkawa sau huɗu. Saboda haka bakin mai zuƙa da ƙofarsa ta kai milimita 2, a bar 4, zai sha wajen lita 180 a minti. Bakin mai tulu mai milimita ɗaya da rabi, a bar ɗaya da rabi, lita 50 da 'yan kai yake sha.

Yanzu a dubi kwamfiresan da ya fi yawa a shagunan Legas, mai doki 2 da tankin lita 50. Lambar da ke jikinsa, lita 200 ko sama, lissafin abin da fistin yake zuƙa ne. Abin da yake fitowa a tiyo bai cika wuce lita 120 zuwa 130 ba. Tankin nasa kuma, daga bar 8 da yake tsayawa zuwa bar 6 da yake tashi, lita 100 kawai yake bayarwa. Da mai tulu, motar za ta huta kusan minti biyu, ta yi aiki minti ɗaya da rabi, ta sake hutawa. Da wancan mai zuƙar, hutun farko rabin minti ne, daga nan ba za ta ƙara tsayawa ba har a kashe feshin. Waɗannan ƙananan kwamfiresoci ba a yi su don gudu ba ƙaƙƙautawa ba. Kai yana zafi, mai yana ƙonewa, kafasita tana kumbura.

Sai batun kuɗin wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da wutar lantarki ta kai kuɗin Band A, rukunin masu samun wuta mafi yawa, naira 225 a kowane kilowat na awa guda. A irin wannan farashi, motar kilowat ɗaya da rabi da ke gudu yini guda ba ƙaramin abu ba ce. A wannan fannin kwarara ta fi kowa sauƙi, don famfonta bai kai wat 100 ba. In kuma a kan janareta ake, kwamfiresa yana fizgar ninkin wutarsa sau da yawa a lokacin tashi. Ɗan ƙaramin janareta ba zai tada shi ba sam, kuma ko mai kVA 3 da rabi, idan injin milin yana cikin yanka kwamfiresa ya tashi, za a ji motar ta sassauta, a ga layin a fuskar aikin. Wanda zai iya, ya nemi kwamfiresa mara ƙara mai wat 550 zuwa 750. Ya ishi mai tulu a baki ɗaya, bai ishi mai zuƙa ba.

Akwai kuma ruwan da ke cikin iskar kanta. Iskar Legas a digiri 30, da laimar kashi 80 cikin ɗari, tana ɗauke da kusan giram 24 na ruwa a kowace kubik mita, wato lita 1,000 na iska. Idan aka matse ta zuwa bar 8, mafi yawansa zai sauka. Mai shan lita 60 a minti zai tara wajen mililita 70 a awa a cikin tanki da tiyo, jan ruwa mai tsatsa. Don haka matatar da ke raba ruwa da iska wajibi ce, kuma a ɗaura ta kusa da inji bayan iskar ta yi tafiyar mita uku ko fiye ta huce. Idan aka manna ta a bakin kwamfiresa, iskar tana wucewa da zafinta, ruwan bai sauka ba tukuna. Kusar da ke gindin tanki kuma a kwance ta kullum a tashi aiki.

Abin da ake shaƙa

Wannan ne ya sa ba ma son mai zuƙa a shagon gida. A 1998 cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar kada hazon ruwan yanka ya wuce miligiram 0.4 a kowace kubik mita ta iskar wurin aiki, saboda asma da wani kumburin huhu da aka danganta da shi, musamman idan ruwan ya ruɓe ƙwayoyin cuta sun hayayyafa. A auna da ɗaki mai mita 3 a 4, tsayinsa mita 3: kubik mita 36 ke nan, wato miligiram 15 kacal na hazo ya kai wannan iyakar. Ɗigon ruwa ɗaya ya fi haka nauyi. Kuma shagon gida ba oga kaɗai ke cikinsa ba. Akwai yaran shago, akwai 'ya'yan gida masu leƙowa, ga tagar maƙwabci a kusa.

Gwajin ba wuya. A rufe ƙofa, a bar feshi ya yi minti goma, a haska tocila ta gefe. Idan hasken ya fito fili kamar sanda a cikin iska, hazo ake yi. Haka idan gilashin ido yana dusashewa, ko maƙogwaro yana ƙaiƙayi da yamma. Fankar tsaye da ke kaɗawa a ɗaki ba magani ba ce, yaɗa shi take yi. Abin da ake so fanka mai zuƙa a bango bayan inji, iska ta shigo ta bayan mai aiki ta wuce ta kan aikin ta fita. Takunkumin N95 ba a yi shi don hazon mai ba. A nemi mai alamar R95, P95 ko P100.

Kananzir, wanda tsofaffin ma'aikata ke shafa wa alminiyom da buroshi, kada ya shiga kowane irin feshi. Tururinsa yana kama wuta daga kusan digiri 38, zafin da shagon kwano yake kaiwa da rana, kuma in ya zama hazo ko hakan ba ya jira. Sifirit ya fi shi haɗari, nasa daga digiri 12 ko 13 ne. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa yana ɗauke da sinadaran da ke jawo sankarar fata, ko a buroshi bai dace ba.

To ita kwarara fa?

Ba mu raina ta ba. Wanda aikinsa huda rami mai zurfi ne, fiye da ninki uku na kaurin baki, ko datse sanda a let, ko yankan sitenles da HSS na tsawon lokaci, ko wasa ƙarfe a injin gurza, kwarara ce tasa, don feshi ba ya kaiwa ƙasan rami. Amma tana zuwa da kayanta: faranti, shinge don kada kan let ya watsa ruwan a bango da ƙirjin mutum, matata, da tankin lita 20 zuwa 40 da sai an yi renonsa. A zafin Legas, man hanyoyin inji yana taruwa a saman tanki ya toshe iska, ƙwayoyin cuta su samu wuri, bayan hutun kwana biyu ko uku a buɗe shago a ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Inji mai aiki kullum yana juya ruwansa, matsalar ba ta cika tsanani ba. Injin gida da ake tadawa Asabar da Lahadi shi ne tankinsa yake lalacewa. Tulun feshi lita ɗaya ne, ruwan ba ya dawowa, ana haɗa na kwana biyu kawai.

Wasu ayyukan ma ba sa son ruwa. Ƙarfen zubi a busasshe ake yanka shi, don ƙurarsa in ta haɗu da ruwa tana zama taɓo mai cin hanyoyin inji. Tagulla ma haka. Bakin kabaid, wanda ya fi HSS tauri, a milin, yana yankan baƙin ƙarfe, iska zalla ta fi masa ɗan ruwan da ke zuwa yana yankewa, domin zafi da sanyi a jere suna tsattsaga haƙorinsa. Fitar da tiredi kuma har gobe man yanka mai kauri da buroshi ne. Wani abin da ya ƙara wa mai tulu daraja ke nan: a rufe bawul ɗin ruwa, ya zama mai busa iska kawai.

Haɗa mai tulu

Tulun shi ne gidan matatar ruwa mai inci 10, irin na rijiyar burtsatse, wanda masu kayan famfo a Orile-Coker suke da shi. A ɗauki shuɗi ko fari mara gani-har-hanji. Roba mai haske tana iya tsagewa idan ta daɗe da wasu sinadaran. A tuna an yi shi don ruwa ne, kuma iska a matse in ta fasa abu tarwatsa shi take yi, saboda haka kada ya ga fiye da bar 2. Regileta mai agogon bar 0 zuwa 4 ake so, don mai bar 10 ba ya nuna ƙaramin canji. Sauran kayan: tiyon iska milimita 6, tiyon ruwa milimita 4, mahaɗai masu turawa na kwata inci, mahaɗa mai baki uku, bawul mai hana komawa, bawul mai allura guda biyu, bawul mai hannu, da gindin maganaɗisu. A Owode Onirin da Ladipo ana dacewa da regileta da bawul na hannu da aka ciro daga injina. A gwada su da ruwan sabulu kafin a biya in mai kaya ya yarda.

Daga kwamfiresa iska ta shiga matatar ruwa, ta wuce bawul mai hannu, ta shiga regileta, sannan ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya bi ta bawul mai hana komawa ya shiga ƙofar shiga ta tulun. A cire matatar da ke ciki, a zura tiyon milimita 4 ta ramin tsakiya na murfi har ya kusa taɓa gindi, a bar kamar santimita ɗaya, a toshe gefensa da gam mai haɗi biyu don kada iska ta bi ta nan. Wannan tiyon ne zai fita ta ƙofar fita ya tafi bakin feshi, inda bawul mai allura na farko yake. Reshe na biyu ya bi ta ɗayan bawul ɗin ya shiga bututun baki. A cikin bututun, siririn bututun ruwa mai ƙofar rabin milimita zuwa 0.8 ya tsaya daidai bakin fita. Idan ya noƙe ciki da yawa, iska za ta niƙe ɗigon, an koma gidan jiya. Masu CNC, injin da kwamfuta ke sarrafawa, sai su sa bawul mai lantarki a madadin mai hannu: umarnin M7 yana kunna feshi, M9 yana kashewa.

Wajen haɗa ruwa, a bi takardar galan, amma galibin man da ake sirkawa da ruwa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne. A damina muna ganin kashi 7 ko 8 ya fi tsare tsatsa, wato mililita 70 zuwa 80 na mai a cika lita ɗaya. Man ake zubawa a cikin ruwa ana motsawa, ba ruwa a cikin mai ba, in ba haka ba zai tsinke ya rabu. Ruwan burtsatse na unguwannin da ke kusa da teku yakan yi gishiri, kuma gishiri tsatsa ne. Tunda lita ɗaya ce, a yi amfani da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ɗin ba, ko ruwan sama da aka tace.

A saita regileta a bar 1. A rufe iskar baki, a buɗe allurar ruwa har ɗigo ɗaya ya riƙa faɗowa duk daƙiƙa biyu, kimanin mililita 90 a awa. Sannan a buɗe iska a hankali, a riƙe kwali a gaba: danshi mai faɗin kwabo ake so ya bayyana a 'yan daƙiƙu, ba ruwa mai gangarowa ba. Bakin ya tsaya santimita 3 zuwa 5 daga wurin yanka, a karkace, yana tura ɓarɓashi ya bar aikin ya bar mai aiki.

Idan ruwa yana zuwa yana yankewa da tari, duba tiyon ruwa. Kumfa a ciki na nufin toshin murfi yana yoyo, ko kuma matsin da ke baki ya kai na tulu yana tura ruwan baya. A rage allurar iska kaɗan. Idan yana ɗiga bayan an kashe, matsi ne ya maƙale a tulu, ko tulun ya fi baki tsayi. A sauke shi ƙasa da teburin inji, a danna jan maɓallin murfi a saki iskar, wanda dole ne ma kafin a kwance tulun. Idan ya ƙi fitowa bayan kwanaki a ajiye, ruwan ya bushe a allura, a wanke da ruwan ɗumi. Tabon tsatsa kuma a ƙarƙashin matsin da ke riƙe aiki da tsakanin farantai yake fara fitowa, inda danshi ke maƙalewa ya ƙi bushewa a laimar Legas, don haka a tashi aiki a busa wurin da iska zalla, a goge, a shafa man hanyoyi, sannan duk mako a ɗaga matsin a duba ƙarƙashinsa.